Ra'ayinmu: Labarin Wa Za Mu Bi Zuwa Kafanchan?

Mutumin Kano ko Katsina ko Maraɗi da bai taɓa wuce Saminaka ba yana ɗauke da Kudancin Kaduna iri biyu a kansa, kuma duka biyun a waya ya same su. Ta farko ita ce ta labaran safe: an kai hari, an ƙone gidaje, an sa dokar hana fita. Ta biyu sabuwa ce, samari da 'yan mata masu yawon buɗe ido ne suka kawo ta: ruwa yana zubowa daga kan dutse a Matsirga, hazo ya rufe duwatsun Kagoro, ga kiɗa a ƙarƙashin hoton, ga wani yana ɗaga hannu yana cewa kowa ya zo, lafiya lau ake. Masu karatunmu da dama suna tambaya wanne ne gaskiya, kuma cikin masu yawo suna kawo labari wa ya cancanci a saurara. Tambaya ce mai nauyi, domin wanda ka bi labarinsa shi zai sa ka shiga mota da iyalinka, ko kuma ya sa ka mutu ba ka taɓa taka wani yanki na ƙasarka ba.

Ba yau aka fara ba da labarin wannan yanki da bakin baƙo ba. A 1827, bayan Bature mai yawon bincike Kyaftin Clapperton ya rasu a Sakkwato, baransa Richard Lander ya gangaro daga Kano ya nufi kudu yana neman hanyar babban kogi. Ya bi ta wata ƙasa mai ɗimbin ƙauyuka da kasuwar shanu da bayi, wadda masana tarihi suke ɗauka Kataf ce, ya kai har Daroro kusa da tsohuwar Jama'a, sannan mahayan Sarkin Zazzau suka cim masa suka mai da shi Zariya. Hanyar da ya bi ba tasa ba ce, ta fatake ce. Zangon Kataf sunanta ya faɗi aikinta: nan ayari yake sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba zuwa Keffi da bakin Binuwai. Kakanninmu fatake sun san wannan ƙasa da tafin ƙafarsu, sai dai ba su bar mana littafi ba.

Wanda ya bar littafi, har ya yi suna da shi, shi ne A. J. N. Tremearne, jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Jama'a. A 1912 ya fitar da wani littafi a Landan wanda sunansa kaɗai zagi ne, don ya kira mutanen Kagoro da maƙwabtansu masu wutsiya mafarauta kawuna. Wutsiyar da yake nufi wani abin ado ne da matan aure suke ɗaurawa a baya. A cikin littafin akwai bayanai masu amfani a kan gini da noma da aure, har yau masu bincike suna leƙa shi. Amma mai sayen littafi a Ingila ba don noman acca ya sa hannu a aljihu ba, don wutsiya ya saya. Tremearne ya san abin da ke sayuwa, ya ɗora shi a bango. Mun tsaya a kansa ne don cutar da ta kama shi ba ta mutu tare da shi ba. Duk mai ba da labarin tafiya yana da masu sauraro da yake son burgewa, kuma masu sauraron nan ba su ne mutanen da ake ba da labarinsu ba.

Mu ma muna da namu marubutan tafiya. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Kafin su duka akwai Dorugu, yaron da ya bi Bature mai yawon bincike Barth har Turai, wanda aka rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa. Abin lura shi ne alƙalaminmu ya fi son nesa. Mun iya ba da labarin Landan da Makka da Khartum, amma garin da direba zai kai ka cikin wuni guda daga Kano, inda ake ciniki da Hausa, ake wa'azi da Hausa a coci da masallaci, ake rera waƙar jana'iza da Hausa, mun bar wa Bature da ɗan jaridar rikici su gaya mana yadda yake.

Wannan giɓi ne masu yawo da waya suka tarar. A faɗin Afirka sana'ar ta kafu. Wode Maya na Ghana da Tayo Aina na Najeriya sun tara mabiya masu ɗimbin yawa a YouTube da nuna garuruwan Afirka ta fuskar da gidajen talabijin na waje ba sa nunawa. A 2024 Pelumi Nubi ta tuƙo ƙaramar mota ita kaɗai daga Landan zuwa Legas, mutane suna bin ta kullum har ta iso a watan Afrilu. Matasan Kaduna da Jos da Abuja sun ga haka, su ma suka ɗauki waya da abin riƙe ta, suka hau hanya. Kudancin Kaduna kuwa tana da abin ɗauka.

Bari mu fara da alherinsu, domin yana da yawa, kuma masu kushe su ba sa son ambatonsa.

Sun karya wani tsoro da ya daɗe. Tun rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, wanda ya taso daga Kwalejin Ilimi ya bazu har Zariya da Funtuwa, sai na Zangon Kataf a 1992, sai na bayan zaɓen 2011, sai hare-haren da suka yi ƙamari daga 2016, sunayen garuruwan nan sun zama sunayen masifa a kunnen wanda ba ɗan can ba. Ka ce Zonkwa, ka ce Godogodo, mutum ya tuna gawa. Yaron da ya ɗauki hoton kasuwar Kafanchan ranar da ba abin da ya faru, mai nono tana auna wa mai doya, ɗan acaɓa yana rigimar canji da fasinja, ya yi aikin da jaridu da yawa, har da mu, ba mu cika yi ba. Ranakun da ba a kashe kowa ba sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma su ma labari ne.

Sun kuma nuna wa 'yan Arewa dukiyar da ba su san suna da ita ba. Mafaɗar ruwan Matsirga tana Madakiya, tafiyar 'yan mintuna daga Kafanchan. Ruwan yana faɗowa daga tsayin da ya kusa mita 30 zuwa cikin kwazazzabo, kuma a bayan labulen ruwan akwai wani lungu cikin dutse da mutum zai tsaya feshi yana jiƙa shi, ba ya jin maganar na kusa da shi saboda ƙara. Duwatsun Kagoro suna tsaye a kan garin kamar katanga, har yau akwai masu zama da noma a samansu. Ranar 1 ga Janairun kowace shekara ake bikin Afan a fadar Sarkin Kagoro, bikin gama girbi da buɗe farauta, inda maharba suke fitowa da kwari da baka, ana busa ƙaho, ƙungiyoyin rawa suna shigowa fili ɗaya bayan ɗaya. Marigayi Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar Kagoro daga 1945 zuwa 2008, shekara 63 cur, shi ya ɗaga bikin har ya zama abin da ake zuwa kallo daga nesa. A Kwoi akwai bikin Tuk Ham a lokacin Ista. A can arewa, kusa da Kaduna, akwai gidan dutsen Kajuru da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980 bisa fasalin gidajen sarakunan Turai na da, wanda shi ne ya fi kowanne shan hoto, ko da yake shi ne ya fi kowanne ƙarancin alaƙa da mutanen wurin.

Sai batun kuɗi. Duk motar baƙi da ta tsaya a Kafanchan, mai masauki ya samu, mai abinci ta samu, ɗan acaɓan da ya kai su Madakiya ya samu. Garin yana bukatar haka. Jirgin ƙasa ne ya haifi Kafanchan ta zamani: a 1927 layin dogo daga Fatakwal ya iso nan ya haɗu da na Kaduna, wani reshe ya hau Jos don kwaso kuza. Ma'aikatan reluwe daga ko'ina suka cika garin, Ibo da Yarbawa da Hausawa, a kan ƙasar al'ummar Fantswam, har Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa ya dawo nan a farkon shekarun 1930. Yau ciyawa ta cinye dogon. A watan Maris 2021 aka ƙaddamar da aikin farfaɗo da layin Fatakwal zuwa Maiduguri, amma mutanen Kafanchan ba su ji kukan jirgi ba tukuna. Citta, wadda ita ce jarin Kachia da Jaba da Kagarko, kuma ita ta sa Najeriya cikin manyan masu nomanta a duniya, annobar ruɓewa ta faɗa mata a daminar 2023 ta durƙusar da manoma masu yawa. A irin wannan hali, wanda ya jawo baƙo mai kashe kuɗi ba abin rainawa ba ne.

To amma akwai ɗaya gefen, kuma a nan ne muke da magana.

Mafi yawan hotunan nan ba su da kwanan wata. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma shi ne babba. Hanyar da ta yi lafiya a watan Nuwamba tana iya zama tarko a watan Maris. Hoton da aka ɗauka shekara uku da suka wuce yana yawo yau kamar jiya aka yi shi, wani ya gani a Gusau ya ɗauka haka abin yake. Wanda ya taso daga Kaduna zai bi ta Kachia da Zonkwa. Na Abuja zai bi ta Jere da Kagarko da Kwoi, ko ya zaga ta Keffi da Akwanga. Na Kano da Zariya zai bi ta Pambeguwa da Saminaka ya sauko Samarun Kataf. Na Jos zai gangaro ta Gidan Waya ko ta Manchok. Kowace cikin hanyoyin nan tana da lokacin da direbobin tasha suke cewa a bi, da lokacin da suke girgiza kai su ce a bari sai gobe da safe. Masu garkuwa da mutane ba su bar sarakuna ba ma: an sace Agom Adara, Maiwada Galadima, a watan Oktoba 2018 aka kashe shi, a watan Yuli 2021 kuma aka sace Sarkin Kajuru da Kpop Ham, aka sako su daga baya. An samu sauƙi a 'yan shekarun nan, mutanen yankin da kansu suna faɗa. Amma mai cewa "babu komai, ku zo kawai" ba tare da ya faɗi ranar da ya bi, da hanyar da ya bi, da ƙarfe nawa ya tashi ba, ko dai bai sani ba ko kuma bai damu ba. Wasu ma da rakiyar jami'an tsaro suke zuwa, su yanke wannan daga hoton.

Haka batun ruwan. Lokacin da Matsirga ta fi kyau a hoto, wato Agusta da Satumba, shi ne lokacin da duwatsun suka fi santsi, ruwan ya fi ƙarfi. Yaran Madakiya sun san inda ake taka ƙafa da inda ba a kusanta. Baƙon da ya ga wani yana tsalle a waya bai san wannan ba.

Abu na biyu ya fi wuyar gani. A hotuna da yawa ƙasar tana nan, mutanenta ba sa nan. Ɗan ƙaramin jirgin ɗaukar hoto ya tashi sama, ya nuna kore da dutse da ruwa, sannan fuskar mai yawon ta cika allo. In an nuna ɗan gari, to yana ɗauke da jakar baƙo ne, ko tsohuwa ce da aka ɗauka ba a tambaye ta ba, don zanen fuskarta ko tulun da ke kafaɗarta. Tremearne ya sayar da wutsiya, jikokinsa a sana'a suna sayar da shimfiɗar ƙasa marar masu ita. Har sukan ce sun "gano" wuri, alhali kakannin wanda ya nuna musu hanya a nan aka binne su. Kuma da yake da Hausa muke magana, mu faɗa wa kanmu gaskiya: mai yawon da ya zo daga Arewa yakan shigo da tsofaffin sunaye da tsohon kallo. Mutanen da muka saba kira Kataf da Kaje da Jaba da Marwa suna kiran kansu Atyap da Bajju da Ham da Asholio, kuma sun daɗe suna neman a kira su haka. Akwai kuma wata kalma da ake jifan wanda ba Musulmi ba da ita, wadda har yau takan suɓuce a bakin wasu suna dariya a gaban waya. Wanda bai iya barin ta a gida ba, gara ya bar wayar ma.

Kuskuren yana da ɗan'uwa ta ɗaya ɓangaren. Akwai masu zuwa daga Kudu ko daga ƙasashen waje da labarinsu a rubuce tun kafin su sauka: ƙasar Kirista zalla da aka kewaye. A hotonsu ba za ka ga fadar Sarkin Jama'a ba, ba za ka ga Hausawan da kakanninsu suka yi ƙarni a Zango da Jama'a ba, ba za ka ga Fulanin Ladduga da sauran rugage ba, balle ka ji cewa su ma sun binne nasu. A watan Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Sanga da Kachia da Zangon Kataf suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan. Yarjejeniyar ba ta hana jini zuba ba, watanni kaɗan bayanta aka shiga wani mummunan zango. Amma adadin kaɗai ya isa darasi: inda al'umma 29 suka zauna teburi guda, wanda ya kawo maka labarin biyu kacal, mai zalunci da wanda ake zalunta, ya rage maka 27.

Sai Nok, wadda ta cancanci a daɗe a kanta. Ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, kusa da Kwoi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a nan. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai da aka samu a wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin haƙar ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya ga kamannin da ke tsakaninsu, ya gane cewa wata tsohuwar al'umma ce guda ta yi su, ya sa mata sunan ƙauyen. Gidan kayan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 da irin waɗannan kaya ya fara. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi shekaru suna tono tare da hukumar kayan tarihi ta Najeriya, bincikensu ya nuna al'ummar ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, suna noman gero, daga baya suka iya narkar da ƙarfe. Waɗannan sassaƙe-sassaƙe suna cikin mafi tsufa a Afirka kudu da Sahara. Abin takaicin shi ne akasarin wuraren da masanan suka isa, ɓarayin tono sun riga su. Kayan Nok sun cika kasuwannin Turai ta ɓarauniyar hanya, har a shekarar 2000 aka yi ta cece-kuce da aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Faris, kafin Faransa ta amince cewa mallakar Najeriya ne, aka bar mata su aro. To, mai yawon da ya je ƙauye aka nuna masa inda ake samun gutsattsarin tukwane a gona, ya ɗauka ya watsa tare da taswirar wurin don ya burge mabiya, ya yi wa ɓarawo jagora kyauta. Wanda ya saya "don tunawa" kuwa ya karya doka, ya kuma koya wa yaron ƙauye cewa tono ya fi noma riba.

Za a ce mun tsananta. Yaro ne da waya, ba ɗan jarida ba ne, ba malamin tarihi ba ne, nishaɗi yake yi, me ya sa za a ɗora masa kayan da gwamnati ta kasa ɗauka? Akwai gaskiya a nan. Ba aikinsa ba ne ya tsare hanya ko ya kafa shinge a bakin kwazazzabo. Kuma in aka ce sai wanda ya karanta tarihin Zazzau da Jama'a ne zai ɗauki hoto, to za mu koma inda muka fito, babu mai nuna komai sai gawa. Mun kuma san cewa injin da ke rarraba hotuna a TikTok da Facebook ba ya saka wa mai dogon bayani, daƙiƙa talatin na ruwa da kiɗa sun fi minti goma na hira da manomin citta samun masu kallo. Yaron yana bin abin da muke dannawa ne. Laifin rabi namu ne.

Shi ya sa hukuncinmu ya fi karkata ga mai kallo. Ba za mu jero sunaye mu ce ga gwanaye ba, don masu wannan sana'a suna fitowa suna ɓacewa kamar naman kaza bayan ruwan sama, wanda ya yi kyau bana yana iya lalacewa baɗi in masu talla suka saye bakinsa. Abin da ba ya canzawa shi ne alamomin mai gaskiya, kuma ana ganinsu cikin minti biyu.

Mai labarin da ya cancanci a bi yana faɗin ranar da ya je da hanyar da ya bi, da abin da ya kashe tun daga kuɗin mota har na masauki, kuma in wani otal ko wata hukuma ce ta ɗauki nauyinsa yana faɗa. Za ka ga ya fara da gaisuwa. A ƙauyukan nan baƙo ba ya wucewa kai tsaye zuwa dutse ko ruwa, sai ya biya ta wajen mai unguwa ko dagaci, ya ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu, a haɗa shi da yaro. Wanda ya nuna wannan a hotonsa ya koya maka abin da zai tsare ka fiye da kowace taswira. Za ka ji muryar 'yan gari fiye da tasa, ya ce Mama ko na ɗauka, ta ce ɗauka ɗana, ko ta ce a'a ya sauke wayar. Yana nuna abin da bai dace da ra'ayinsa ba. In Musulmi ne, ba ya ɓoye cewa kasuwar aladu ta ranar Alhamis a Kafanchan tana cikin manyan irinta a ƙasar nan, 'yan kasuwa suna zuwa daga Kudu da manyan motoci, kuma da kuɗinta iyalai da yawa suke biyan makaranta. Ba sai ya ci ba, ba sai ya yaba ba, amma ba ya toshe hanci a gaban masu ita. In Kirista ne, ba ya kashe wayar in an kira salla. Kuma in ya wuce ƙauyen da aka ƙone, ba ya juya kai, ba ya kuma tsayawa ya yi hoto da kango yana murmushi.

A kan wannan ma'auni, mun fi amincewa da 'yan gida. Akwai matasa a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, wasu ɗalibai ne a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ko Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da suke ɗaukar garuruwansu da wayoyi masu fasasshen gilashi. Hotonsu yana rawa, sautinsu iska ta cika shi. Amma su ne za su nuna maka yadda ake tsaga citta da wuƙa a shanya ta a kan fa da rani har ƙamshinta ya cika hanya, da yadda ake sussukar acca, da faten da ake ci da safe kafin a tafi gona. Sun san wace gada ce ruwa yake shanyewa. Kuma gobe suna nan, in sun yi ƙarya a kan wani ƙauye za a tare su a kasuwa a tambaye su. Baƙo mai tsadar kayan aiki ba shi da wannan takunkumin. Ba mu ce a guji baƙi ba, wani lokaci idon baƙo yana ganin abin da ɗan gida ya saba da shi har ya daina gani. Kuma ɗan gida ma yana da nasa son zuciya, yakan yabi ƙabilarsa ya yi shiru a kan maƙwabta, don haka a bi Bajju a bi Bafulatani, a bi ɗan Fantswam a bi Bahaushen Jama'a, kada a tsaya ga ɗaya. Amma in za a zaɓa, a fara da su, a kuma tura hotunansu gaba, don dannawarmu ce abincinsu.

Ga marubutan Hausa kuma muna da ƙorafi na musamman. Babu wanda ya fi ku sauƙin wannan aiki. Ba kwa bukatar tafinta daga Saminaka har Gwantu. Tun da 'yan mishan suka kafa tasha a Kwoi a 1910, aka kuma fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen nan ya zama na kowa a yankin, da nasa karin da nasa salon. Tsohon ma'aikacin reluwe da ya ga zamanin jirgin gawayi yana nan a Kafanchan yana jiran mai tambaya, kuma ba zai daɗe yana jira ba. Littafin tafiya na Hausa a kan Kudancin Kaduna, wanda ɗan Kagoro zai karanta bai ji an ci masa fuska ba, ɗan Kano ya karanta bai ji an yi masa ƙarya ba, aiki ne da ya kamata a ce an yi tuntuni.

Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Jama'a da Zangon Kataf da Kaura da Jaba su ma kada su fake da samarin nan. Jami'ai suna son tura hotunan Matsirga a ranar yawon buɗe ido ta duniya, 27 ga Satumba, alhali ba su suka ɗauka ba. Abin da ake nema a wurinsu ba shi da tsada: matakala mai ƙarfi da shinge da mai ceto a bakin ruwa a watannin damina, 'yan jagora daga ƙauyukan da abin ya shafa masu rajista da farashi sananne, gyaran hanyar Nok da kula da gidan kayan tarihin da ke can tare da hukumar tarayya, da lambar waya guda da matafiyi zai kira kafin ya tashi a gaya masa halin da hanya take ciki a ranar, ba a ɓoye masa ba. Kuɗin shiga da ake karɓa a kowane wuri a rubuta shi a allo, a kuma bayyana kason da yake komawa ga garin. Bikin Afan na gaba yana nan ranar 1 ga Janairu, Tuk Ham kuma da Ista. Lambar wayar nan da allon farashi, in an so, ana iya samar da su kafin na farkon.